Ƙwallon da Ya Tafi Gona

Ranar da aka sallamo Malam Sammani daga asibiti a Kano, abu ɗaya ya taho da shi wanda ya fi masa ledar magungunan daraja: wani ɗan ƙwallon roba shuɗi, mai taushi, bai fi lemon zaƙi girma ba. Hawan jini ne ya kayar da shi a bakin kanal ɗin ban ruwa, ya shanye masa ɓarin dama. Ƙafar ta fara dawowa, yana jan ta da sanda. Bakin ma ya miƙe, sai ɗan nauyin harshe. Hannun ne ya ƙi, yana nan kwance a cinya kamar na aro, yatsun sun fara karkata zuwa tafi.

Likitar gashi, wata yarinya mai fara'a da ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba, ita ta saka masa ƙwallon a hannu. A gaban ɗansa Hashimu ta yi bayani, da Hausar da ko ɗan yaye zai gane. A buɗe yatsun a hankali, a miƙar da su, a sa ƙwallon, ya matsa ya saki, safe da rana da yamma, sannan a riƙa dawo da shi tana dubawa. Ta ce watannin farkon nan su ne komai. In aka bar hannun ya zauna, jijiyoyin za su ƙage, in kuwa suka ƙage to sai haƙuri. Da ta tambayi tsohon me ya fi so ya yi da hannun in ya samu sauƙi, bai ce noma ba. Ya ce so yake ya koma ciyayya.

A unguwarsu, can bayan Bunkure, magidanci ba ya cin tuwon dare a ɗaka. Da an idar da magariba kowa zai sa a fito masa da kwano ƙofar gidan Malam Ɗanladi, a shimfiɗa tabarmi, a ci na wannan a koma na wancan, ana tsiya ana labarin ruwa da taki. Tun gemunsa yana baƙi Sammani yake da wurin zama a nan, gefen dakali. Kuma kowa ya sani ba a sa hannun hagu a kwanon mutane.

Likitar ta yi dariya ta ce, “Baba, ranar da kuka iya matse ƙwallon nan, kun iya mulmula loma.”

Hashimu ya fi kowa gyaɗa kai. Ya ce shi da kansa zai riƙa yi wa Baba gashin, ko da zai bar gona ta bushe. Irin mutanen nan ne da in ana kallonsu sai ka rantse goya iyayensu suke yi a baya. Har wata mata da ke jinya a gadon kusa ta ce Allah ya ba ta ɗa irinsa.

Da suka dawo gida ya yi gashin kwana biyu, shi ma don ɗakin yana cike da 'yan dubiya ne. Da ƙafa ta ɗauke, shi ma ya ɗauke. Sammani bai damu ba. Ya koyi buɗe yatsun da hannun hagu, ɗaya bayan ɗaya, ya cusa ƙwallon, ya zauna yana matsawa har gumi ya karyo masa duk da sanyin da ake yi. Da farko ƙwallon ko gezau. Daga baya babban yatsa ya fara motsi, manuni ya bi shi. Wata safiya ya ga robar ta ɗan loɓa a ƙarƙashin yatsunsa, ya yi ta kallonta yana murmushi shi kaɗai. Ya ji daɗin da rabon da ya ji irinsa tun kafin ya faɗi. A ransa har ya fara zaɓen kwanon da zai fara sa wa hannu, na gidan Ɗanladi, don matarsa ta iya miyar kuɓewa.

Gonar tumatir ɗinsu tana can ƙarshen kanal, inda ruwa ba ya isowa sai an jawo shi da inji. Injin ban ruwan kuwa ya tsufa, bawul ɗinsa mai riƙe ruwa ya mutu tun bara, ba ya jan ruwa sai an toshe bakin tiyo tam lokacin da ake tayar da shi. Aikin mutum biyu ne. Hashimu yana jan igiya, uban yana danne bakin tiyo da tafin hannunsa na dama har ruwa ya taso ya ture shi. Yanzu babu tafin. Hashimu ya gwada tsumma, ya gwada totuwar masara da leda, duk iska na shiga. Sabon bawul yana nan a kasuwar Kura, ba wani abin a zo a gani ba ne, amma Hashimu mutum ne da in zai fitar da abu daga aljihunsa sai ka ɗauka haƙori ake cire masa.

Wata safiya ya shigo gaisuwa, ya durƙusa, ya tarar da ƙwallon a gefen tabarma. Ya ɗauka ya matsa, ya juya shi, ya zagaye shi da yatsu yana aunawa. Sammani ya san kallon nan, shi ne kallon da yaron yake yi wa kwando in yana lissafin abin da zai ci.

“Baba, bari in ɗan ari wannan. Kafin azahar na dawo muku da shi.”

Sammani ya buɗe baki zai yi magana, harshen ya yi masa nauyi, kafin kalmar ta fito har an tayar da babur a waje.

Ƙwallon ya shige bakin tiyo kamar don shi aka yi shi. Hashimu da bakinsa ya ba da labari da daddare a tsakar gida, yana ƙyaƙyata dariya, yana gaya wa matarsa Bilkisu irin basirar da Allah ya ba shi: ja ɗaya inji ya kama, ruwa ya turo ƙwallon ya faɗa cikin kwamin shuka, ya tsince abinsa. Sammani yana ji daga ɗaki. Ya kira shi ya tambayi ƙwallon. Hashimu ya dafe kai ya ce wallahi mantawa ya yi, yana cikin buhun kayan inji, gobe.

Goben nan ta yi ta haihuwar wasu goben. Yau tumatir ya fara fure, ba a wasa da ban ruwa. Gobe an sako ruwa a kanal, in bai yi sammako ba na sama za su shanye. Ran da tsohon ya matsa masa, sai ya gyara zama ya yi masa wa'azi, wai ai sauƙi na Allah ne, ba na roba ba, kuma tumatir ɗin nan shi ne cinsu, shi ne maganin da ake saya. Ya ƙara da cewa shi fa kunya yake ji a shigo a tarar da dattijo kamar Baba yana wasa da ƙwallo kamar ɗan firamare. Kunyar ba ta hana shi zuba ƙwallon a aljihu kullum ba.

Sau ɗaya ƙwallon ya kwana a gida. Ya dawo duk laka, yana warin fetur, gefe ɗaya ya fara tsagewa. Sammani ya goge shi da bakin riga, ya matsa har hannun ya gaji, sannan ya tura shi ƙarƙashin matashi. Da asuba yana salla a zaune, ya ji an ɗaga labule, an taka a hankali, an ɗaga matashin. Bai iya juyawa ba, yana tsakiyar karatu. Da ya sallame ya laluba, babu komai sai ɗan danshin laka. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ba don robar ba, sai don ɗan da ya haifa ya jira ya ta da kabbara tukuna.

Ya koma kan Bilkisu. Ya roƙe ta ta samo masa wani abu mai taushi da zai riƙa matsawa. Ta kawo masa albasa. Ya ce ta yi tauri. Ta turo baki ta kawo tumatir guda cikin wanda aka tsinto na miya, ta ajiye masa a cinya ta fita. Ya cusa shi a tafin da ƙyar, ya tattara duk ƙarfin da yake da shi ya matsa. Tumatir ya fashe, ruwan ya bi ta tsakanin yatsunsa ya zuba a zanin gado. Sammani ya yi ta dariya har da hawaye, yana kiranta ta zo ta gani, hannun yana da rai, bai mutu ba.

Ta zo ta gani. Abin da ta gani shi ne zanin gado. Ta yi tsaki, ta fizge zanin daga ƙarƙashinsa, tana mita har bakin rijiya, wai ita ba baiwa ba ce, ga tuwo ga yara ga wankin tsoho, yanzu kuma an koma ɓarnar kayan miya. Daga ranar ko ɓawon albasa ba ta ƙara ba shi ba. Da ya naɗe wani tsohon ɗankwali ya ƙulle shi ya zama dunƙule, ta ɗauke ta ce tsummanta ne na sauke tukunya.

Sanyi ya wuce, zafi ya fara shigowa, yatsun suka ƙara shigewa ciki. Da can hannun hagu yana iya buɗe su. Yanzu in ya buɗe manuni ya koma kan na tsakiya, sai manunin ya koma inda ya fito. Aikin ya zama na mai hannu biyu. Ya ce wa Bilkisu ta taimaka ta miƙar masa da su, ko sau ɗaya a yini. Ta rufe fuska da gefen mayafi, ta ce haba Baba, ina ita ina riƙe hannun suruki, ai da kunya. Ita ce dai wadda in ta tashi zagin yaranta sai an ji a layi na uku, kuma ita ce take ƙwala masa kira daga madafi ya miƙo kwano.

Ranar komawa asibiti ta zo ta wuce, ana tsinkar tumatir ta farko. Ta biyu ma ta wuce, motocin kudu sun cika kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, wa zai bar ciniki ya tafi Kano bin layi. 'Yarsa Sa'a ta zo daga Madobi da fura a ƙwarya, ta ga hannun ta fashe da kuka, ta rantse ranar kasuwa za ta aiko da ƙwallo ko guda nawa ne. Ta share hawaye, ta zauna suka yi hirar anko da Bilkisu har la'asar, aka cika mata leda da tumatir ta tafi. Ƙwallonta har yau yana hanya.

Abin da ya fi ci wa Sammani rai shi ne bayan magariba. Bilkisu za ta dire masa kwano da cokali, ya juya ya fuskanci bango ya ci da hagu, kamar mai cin abin sata. Ta saman katanga yana jiyo ƙarar murafan kwanoni, da muryar Ɗanladi yana tsokanar wani, da dariyar da ya san ta kowa a cikinta. Wani lokaci sai ya ajiye cokalin ya kai dunƙulallen hannun kan tuwon, ya danna, ko Allah zai sa yatsun su tuna. Sai dai ya ɓata bayan hannun da miya.

Malam Ɗanladi yakan leƙo duk Juma'a. In Hashimu yana gida, da ya ji sallama zai riga shi shiga ɗakin, ya ja bargo ya rufe hannun, ya tsuguna yana matsa wa uban ƙafa. Ɗanladi ya tambayi jiki, ya ce wurinsa yana nan gefen dakali, ba wanda ya zauna. Hashimu ya karɓe zancen, ya ce ai kullum cikin gashi suke, shi da kansa yake yi, sauƙi sai a hankali. Sammani yakan kalli abokinsa, maganar ta zo masa har maƙogwaro, ya haɗiye ta. Mutum ba ya tona asirin gidansa, haka aka tarbiyyantar da shi, kuma Hashimu ya san da haka, a kan wannan shirun yake ta sheƙe ayarsa.

Kafin a gama tsinkar ƙarshe hannun ya rufe ruf. Faratan suka yi tsawo a ciki, ba mai yankewa, suka nutse a tafin har suka yi gyambo. Wani wari ya fara tashi. Bilkisu ta ce ɗakin tsoho sai da turare, ta riƙa turo kasko daga bakin ƙofa. Sammani da kansa yake tura tsinken da ya naɗe da auduga ta gefen ƙaramin yatsa yana gogewa, yana cije leɓe. Ya daina tambayar ƙwallo. Hashimu ya ɗauki hakan a matsayin Baba ya haƙura, har ya gaya wa matarsa cewa ai ya san tsohon zai gane.

Tumatir ya yi kuɗi a shekarar. Hashimu ya canja babur, ya ɗinka shadda, Bilkisu ta sami atamfa. Ana cikin haka wata rana ya dawo daga Kano da 'yar leda mai tambarin kantin magani. Bai kai wa uban ɗaki ba, don a ɗaki babu mai gani. Ya jira aka idar da magariba, aka jera kwanoni, sannan ya shiga ya sa wa tsohon wankakkiyar riga da hula, ya riƙo shi a kafaɗa a hankali, suka fito ƙofar gidan Ɗanladi. Dattawa suka yi ta murna, ana ta barka da fitowa, aka matsa masa ya zauna a wurinsa gefen dakali.

Hashimu ya tsuguna a gabansa, ya buɗe ledar yadda kowa zai gani. Sabon ƙwallo ne, ja, yana sheƙi. Ya ce na asibitin ne ya ga ya tsufa, shi ne ya shiga gari takanas ya nemo wa Baba mai kyau, ya ce a ba shi wanda ya fi kowanne. Tabarma ta ɗauki sa albarka. Wani ya ce 'ya'yan yanzu ba kowa ne zai yi haka ba. Hashimu ya sunkuyar da kai irin na masu ladabi, yana murmushi.

Sai ya kamo hannun zai saka ƙwallon. Rabon da ya taɓa hannun nan tun 'yan dubiya suna cika ɗaki. Ya ja manuni, ya ji shi kamar ƙarfe. Ya ƙara ƙarfi, tsohon ya runtse ido, warin gyambon ya bugi na kusa. Ya gwada ta gefen babban yatsa, ko tsinke ba zai shiga ba balle ƙwallo. Robar ta suɓuce ta gangara tsakanin kwanoni, ta tsaya jikin na miyar kuɓewa.

Sammani ya dubi hannun, ya dubi kwanon da ya yi wata da watanni yana mafarkinsa. Ya san ba zai ƙara sa dama a cikinsa ba har ya koma ga Allah, kuma ya ga babu sauran abin da shirunsa yake rufewa. Ya jawo kwanon gidansa, wanda Bilkisu ta aiko, ya ware shi daga na mutane. Ya buɗe, ya yi bisimilla a fili, ya sa hannun hagu ya yanko loma a gaban kowa.

Malam Ɗanladi ya ce a hankali, “Malam Sammani, hagu?”

“Ku yi haƙuri da ni, ba zan sa muku shi a naku ba,” in ji Sammani. Harshen yana da nauyi, amma babu kalmar da ta ɓace. “Na daman ne ba ya nan. Tun farkon rani ɗana ya ɗauke ƙwallon da likita ta ba ni, yana toshe tiyon inji da shi, don kada ya sayi bawul. Tumatir ɗin da ke cikin miyar nan, da hannuna aka yi masa ban ruwa.”

Idanu suka koma kan Hashimu, kan shaddar, kan sabon babur ɗin da ke jingine a bango. Wanda ya yi maganar 'ya'yan yanzu ya janye hannunsa daga kwano ya goge a tabarma. Hashimu ya yi 'yar dariyar yaƙe, ya duba hagu da dama yana neman wanda zai taya shi, ya ce ai sun san ciwon nan, yakan ɗan taɓa tunani, likita ma ta faɗa. Ɗanladi bai ko kalle shi ba. Ya ɗauki kwanonsa na miyar kuɓewa, ya tashi ya dawo kusa da abokinsa, ya zuba masa a kan tuwon, ya sa hannu suka ci tare.

Hashimu ya ɗan jima a tsugune, ba wanda ya ce masa bisimilla. Daga baya ya miƙe ya kakkaɓe shaddarsa. Har ya juya zai tafi, sai ya dawo ya sunkuya tsakanin kwanonin ya ɗauki jan ƙwallon. Sammani yana tauna yana kallonsa. Ya ga ya matsa shi, ya juya shi, ya zagaye shi da yatsu yana aunawa, sannan ya zura shi a aljihu. Akwai masarar rani da ya shuka a bayan tumatir, kuma damina da saura.